Abin da Ke Gefen Allo

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Kada ki wahalar da kanki neman wayata, na maka ta da bangon asibiti ta tarwatse, shi ya sa na ba direban motar garinku wannan takarda. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

An daki Auta. Da rana tsaka, a ɗakinsa na saman bene, mutane na ta harkarsu a ƙasa. Matar da ke share benen ce ta ga jini ya biyo ƙarƙashin ƙofa. An karya masa muƙamuƙi, likita ya ɗaure shi da waya, ta bututu yake shan abinci. Hannun dama kuwa ba duka aka yi masa ba, daka shi aka yi. Na ga hoton ƙashin, yatsun kamar an taka busasshen kara. Hannun da yake zane da shi ke nan, mutumin da ko ƙuda ya sauka a kan fentinsa sai dai ya hura shi ya tashi. Ba a ɗauki rediyonsa ba, ba a taɓa akwatinsa ba. Wanda ya zo, shi ya zo wa.

'Yan sanda sun zo sun leƙa sun tafi, kin san su. Ni kuwa na san inda zan duba. Kin tuna tun yana ƙarami in'ina ba ta barin sa ya faɗi magana mai nauyi, sai dai ya jera kaya a tebur ya zana, mu mu karanta. Na juyo allon da yake aiki a kai, don yana fuskantar bango kamar yadda ya saba barin sa. Ga abin da ke ciki: tebur, kofin silba, rabin burodi, wani tsumma a can gefe, sai ƙaton almakashi a tsakiya, a buɗe, bakinsa na kallon mai kallo. Ya zana shi har da tsatsar ƙusa da baƙin zaren da aka naɗe wa mariƙinsa. Kana gani ka ji kamar zai yanke ka.

Almakashin Tela ne, mai shago a ƙasan ɗakinsa. Ɗana Zaki ne ya gane shi, shi ya kuma tuna mini rigimar da suka yi kwanaki, lokacin da kananzirin wanke burushi ya ɗiga ta rufi ya ɓata yadin mutane. A gaban kowa Tela ya ce sai ya karya hannun nan. To ga hannu a karye, ga almakashinsa a tsakiyar allo. Ni walda na koya, ban yi karatun zane ba, amma wannan ko makaho ya shafa ya gane.

Na je gadon Auta na tambaye shi ko Tela ne. Ya girgiza kai, ya juya fuska bango. Kin san halinsa, ko yanka shi kake yi zai ce hannunka ne ya zame. Zaki ko shiga ɗakin ba ya iyawa, a baranda yake tsayawa, ya ce ba zai iya ganin kawunsa haka ba. Yaron ya rame.

Na sa mai hoto ya ɗauki allon ya wanke, ga shi na sa miki a ciki. Ke kika fi kowa iya karanta shi, ki duba ki gaya mini na yi daidai. Ba izini nake nema ba. Na rantse a gaban gadon nan, wanda ya yi wannan sai na mayar masa da hannunsa gari, in ya yi gardama in haɗa da kansa.

Ki gaida maigidanki. Ki ci abinci, kada ki ce don wannan za ki zauna da yunwa.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan Allah Ya ba Auta lafiya, Ya sanyaya maka zuciya. Na karanta takardarka a tsaye duk da ka ce in zauna, sai da maigidana ya riƙe ni. Na so in hau motar nan in taho, likita ta ce in na yi wannan doguwar tafiya a wannan wata, a hanya zan haihu. Ina nan ina cin raina.

Yaya, ina roƙonka da girman iyayenmu, kada ka taɓa Tela. Ba ka karanta allon nan daidai ba.

Zanen Auta ba rahoton abin da ya faru ba ne. Kofi ɗaya yakan ɗauke shi makonni. Almakashin nan ya daɗe a teburinsa kafin a dake shi, kuma ba tashi ya yi sama da kansa ba, wani ne ya hau bene ya kai masa. Ka taɓa ganin Auta ya zana kayan wanda yake jin haushi? Sai ya zauna da abu ya kalle shi safe da yamma kafin ya sa burushi, ba ya iya yin haka da kayan maƙiyi. Takalminka na aiki da ya zana, wanda ke rataye a shagonka, ai ba ƙararka ya kai ba. Tela mai baki ne, na san shi, yana faɗin zan karya zan fasa sau goma kafin azahar, ko allura bai taɓa karyawa da gangan ba.

Kuma Auta ya girgiza maka kai. Mutum na kwance bakinsa a ɗaure, da abu ɗaya da ya rage masa ya ba ka amsa, kai kuma ka ce ba haka yake nufi ba. Tun muna yara haka kake yi masa, kana ƙarasa masa magana tun bai kai rabi ba, kuma sau da yawa ba inda za shi ke nan ba.

Abin da nake so ka yi kaɗan ne. Ka mayar da allon ya kalli bango. Ka kulle ɗakin, ka riƙe makullin a aljihunka, kada ka ba kowa, ko na gida. Kada a share, kada a matsar da komai a teburin. Ka jira a kwance wa Auta baki, ko in sauka lafiya in zo mu duba tare. Haƙuri ba ya cikin kayan aikinka, na sani, amma ka ara ko na ɗan lokaci ne.

Zaki kuma ka bar shi a shago, kada ka riƙa jan sa cikin wannan magana.

Ka shafa mini kan Auta, ka ce masa ina ganin hoton. Ka faɗa masa haka daidai, zai gane. Ina gaida matarka da yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Takardarki ta zo, amma ta tarar an gama.

Ba zan ɓoye miki komai ba. Da hantsi muka je, ni da Zaki, na ɗauki guntun rodi daga shago. Tela na kan keke yana ɗinki, da tef a wuya, har ya ɗago yana tambayata jikin Auta. Wannan tambayar ce ta ƙarasa ni. Na fara da keken, na dake shi sai da kansa ya rabu da tebur. Masu jiran ɗinki suka watse, wata ta bar takalminta. Tela ya nufi ƙofar baya, Zaki ya tare shi ya kayar, ya danne masa hannu a kan teburin yanka. Ban ma ce ya yi ba, yaron ya san abin da ya kamata. Na sauke rodin har sai da na daina jin ƙashi yana amsawa. Jini ya ɓata farin yadin da ke shimfiɗe, na ce ga wani kananzirin.

Yana ihu yana cewa Auta ne da kansa ya ari almakashin, wai sun shirya tuni, wai shi ya kai masa har ɗaki ya ce ya zana masa shi ya rataya a shago. Na ce ƙarya yake yi. Zaki ya haure shi a baki, maganar ta tsaya.

Yanzu ga ki kin zo da irin maganarsa, kamar kun haɗa baki. Ke kina can nesa, kin ga hoto a takarda, ni na ga yatsun ƙanena. Kada ki koya mini Auta, ni na goya shi ranar da aka binne Baba.

Amma zan faɗa miki abin da ke damuna, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ban ji sanyi ba. Na ɗauka in na yi zan iya cin abinci, sai ga shi ko shayi ba ya wucewa. Na je na gaya wa Auta na rama masa. Ƙanwata, ya yi wani irin gurnani ta cikin wayar bakinsa, ya fizge bututun hannunsa, jini ya yi tsartuwa, sai da ma'aikata suka danne shi suka kore ni waje. Na isar masa da saƙonki kafin nan, cewa kina ganin hoton. Ya rufe ido, hawaye na bin kunnensa. Me ke tsakaninku da ni ban sani ba?

Na zauna na yi tunani, na gane abin da ya hana ni sanyi. Tela bai amsa laifinsa ba. Mutum ya daka maka ƙane, ka daka shi, amma yana kallon idonka yana cewa ba shi ba ne. Yana asibiti yanzu, 'yan'uwansa sun kai ƙara, an ce ana nemana, ina kwana a wajen wani abokin aiki. Kafin su same ni zan same shi. Za a sallame shi ya koma gida, na san gidan, na san lungun. Wannan karon sai ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi kuma ba hannu zan nema ba. Zaki ya ce kada ma in tsaya tambaya, in gama da shi kawai, tunda irin su ba sa amsawa. Yaron ya fi ni zafi a kan maganar nan, jinina ne.

Ki yi mini addu'a, ko ki yi mini shiru.

Yayanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, amma yau ba ni da doguwar gaisuwa. Na biya direba ya juya da wannan a yau ɗin nan. Ka zauna. Ka karanta har ƙarshe kafin ka tashi, na haɗa ka da Allah, har ƙarshe.

Ka nakasa mutumin da bai yi maka komai ba, mai 'ya'ya, wanda da hannun nan yake ciyar da su. Kuma kana shirin kashe shi. Na yi shiru a takardar farko don ina tsoron abin da za ka yi in na yi magana. Yanzu shiruna zai kashe Tela, don haka zan yi.

Auta ba ya sa maganarsa a tsakiyar allo. Abin da ke tsakiya don ido ne, don ya riƙe hoton kada ya karkace. Abin da yake so ya faɗa, a gefe yake ajiye shi, cikin inuwa, inda bakin allo ya yanke shi, kamar yadda maganarsa take yankewa. Ka tuna zanen da ya yi lokacin ciwon Mama? Kowa na yaba butar shayi da ke tsakiya, har maƙwabta na cewa kamar a zuba a sha. A kusurwa akwai kwalbar maganinta, cike, hatimin murfin ko motsi bai yi ba. Haka muka san ta daina sha tana ɓoyewa.

Ɗauko hoton. Bar almakashi. Dubi hannun hagu daga ƙasa, inda ka ce wani tsumma. Akwai abu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashinsa. Ɗaya ɗan kunnen mace ne, maƙalinsa a miƙe, irin miƙewar da yake yi in an fizge shi daga kunne, da baƙi-baƙi a jikinsa. Ɗayan ƙotar wuƙa ce, an naɗe ta da jar robar wayar walda, an ƙone bakin robar don kada ta warware. Shago nawa ka sani da ake naɗe ƙota haka? Na san wuƙar. Da ita aka ɓare mini lemo a tsakar gidana, lokacin da ka aiko Zaki ya kawo mini kaya, yana yi mini alfahari wai daga ƙarfen sifirin mota ya wasa ta da kansa.

In kana shakka, ka je ɗakin. Auta yana zagaye gindin kowane abu da alli a kan tebur don kada ya matsa. Za ka ga kofi a cikin zagayensa, burodi a nasa, almakashi a nasa. Ka duba ko akwai zagayen da babu komai a ciki. Ina jin yaron a ɗakin kawunsa yake ɓoye kayan, tunda yana yawan zuwa. Auta ya gani, bakinsa ya kasa, ya zana maka. Yaron ya zo ya ga kayansa a fili a kan tebur, ya daki Auta ya kwashe su. Allon na kallon bango, bai san an riga an zana ba.

Yanzu ka saurare ni, nan ne maganar take. Dubi yadda ya zana su. Auta bai iya ƙarya da burushi ba, da ya so tona asiri da ya ajiye wuƙar a fili, haske na dukanta. Sai ya ja tsumma ya rufe ta, ya bar ɗan abin da uba kaɗai zai gane. Tsumman nan ya fi komai cin aiki a allon, dubi ninkinsa, dubi laushinsa. Cewa yake yi: ɗanka ya shiga hanyar fizge da yanka, ka karɓe wuƙar, ka rufa masa asiri, ka janyo shi tun bai kashe wani ba. Ko da aka daka masa hannu bai canza magana ba, shi ya sa ya juya maka fuska. Ya ba da hannunsa don kada ka taɓa yaron. In ka taɓa shi, ka mayar da wannan hannun asara.

Ka kama Zaki ka kai shi hukuma da hannunka, kai ma ka miƙa kanka a kan Tela. Ku tsaya a gaban shari'a ku biyu da ƙafafunku da hannuwanku. Shi ke nan abin da nake roƙo. Ina jin tsoronka, Yaya, ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Daga wajen 'yan sanda nake rubuto miki, wani kurtu ya ba ni takarda da biro. An ce kin sauka, mace. Allah Ya raya ta, Ya sa kada ta ɗauko halina.

Na karanta takardarki har inda kika yi maganar jar roba da zagayen alli. Daga nan na cusa ta a aljihu na tashi.

Na je ɗakin. Kofi na nan, burodi ya yi furfura a cikin zagayensa, almakashi na nan. A gefen hagu zagaye biyu, dogo da ƙarami, ba komai a ciki. Na tsaya ina kallon allin nan kamar zai canza.

Na sami Zaki a shago da safe, yana wasa ƙarfe. Na kashe injin, na zazzage akwatin kayan aikinsa a ƙasa. Wuƙar tana can ƙasa a naɗe cikin safa. Na ajiye ta kusa da hoton. Ya fara dariya, ya ga ban yi ba, ya zabura zai fita. Na cafko shi ta wuya na buga da ƙofar ƙarfe. Ya kai mini naushi, ya fasa mini leɓe, ƙarfinsa ya kai nawa yanzu. Muka yi ta birgima cikin guntayen ƙarfe har na samu na hau kansa.

Na ce me ya sa hannun. Ya ce: "Shi ya ƙi sakinta. Na ce Kawu saki, ya riƙe da hannu bibbiyu yana ta in'ina. Ni gudumar da yake buga katakon allo da ita na gani kusa."

Na ce Tela fa, ka danne mini hannun mutum kana sane. Ya ce: "Kai ka ce almakashi. Ni na taya ka ne kawai, Baba."

Na ja shi zuwa abin da muke matse ƙarfe. Na sa hannunsa na dama a ciki. Ƙanwata, hannun nan ni na koya masa riƙe guduma, ni na sa masa suna Zaki ranar da ya fasa wa wani yaro kai a makaranta, na saya masa tsaraba. Yana kiran Baba, ina juya mariƙin. Uwarsa ta shigo ta rataye a wuyana tana cizona, ban ji ba. Na ji ƙarar farko, na ji ta biyu, na ci gaba. Maƙwabta ne suka buge ni da katako na faɗi. Da 'yan sanda suka zo a zaune suka same ni, ban gudu ba.

A nan, da aka cire mini bel da takalmi, aka zaro takardarki daga aljihuna. Na roƙa aka bar mini. A nan na karanta sauran, maganar tsumma. Na karanta ta har ta yage a wajen ninki. Sun riƙe hoton a matsayin shaida, na ce su bari in ƙara kallo sau ɗaya. Gaskiyarki, tsumman ya fi komai kyau. Ban taɓa ganin sa ba sai ranar.

Ba na neman ki ce komai. Abu ɗaya nake so. In an kwance wa Auta baki, ko in yana iya riƙe wani abu da hagu, ki ce ya gaya mini abin da zan yi yanzu. Ko zane ne ya aiko, ke ki karanta mini, na daina karantawa da kaina. Duk abin da ya ce zan yi.

Ki sumbaci jaririyar.

Yayanki.

*

Yaya,

Salam. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu ne.

Ɗakin masu karaya ɗaya ne a asibitin. Tela na gadon damana, Zaki na hagu. Tela ba ya yi mana magana. Zaki ba ya cin abinci sai na riƙe masa cokali. Likita ya ce cikinmu ba wanda zai ƙara damƙe hannu.

Na sa an ɗauko allon, na shafe shi da farin fenti.

Ka ce in aiko zane. Ga shi a bayan takardar, da fensir, na kofin da ke kan durowar gadona ne. Ya karkace, hannun bai saba ba. Kada ka aika wa kowa ya karanta maka. Kada ka duba gefe, ban sa komai ba. Kofi ne, Yaya. Da shi muke shan ruwa mu uku.

Ƙanenka,
Auta.